Tausar rage kumburi: a bambanta ta asibiti da ta talla

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridar nan tamu in yi magana kan wata tausa da gidajen gyaran jiki ke tallatawa, suna cewa tana wanke dattin jiki, tana narkar da teɓa. Tausar tana da asali a likitanci, amma ba don haka aka yi ta ba. Tace jini aikin hanta da ƙoda ne, kitse kuwa hannu ba ya narkar da shi. Wadda ta ga cikinta ya ɗan faɗa bayan tausa, ruwa ne ya gusa, kuma zai dawo.

Ban da jijiyoyin jini, jiki yana da wasu siraran hanyoyi da ke kwashe ruwan da ya tsattsafo cikin nama, su bi da shi ta ƙwayoyin kaluluwa na wuya, hammata da matsematsi, su mayar da shi jini a gindin wuya. In an cire ƙwayoyin hammata a tiyatar sankarar mama, ko tsutsar da sauro ke yaɗawa ta lalata hanyoyin ta kawo tundurmi, sai ruwan ya taru, hannu ko ƙafa ya kumbura ya yi nauyi. Masu irin wannan kumburi ne ke buƙatar tausar da Emil Vodder, mutumin Denmark, da matarsa Estrid suka gabatar a Paris a 1936.

Hanyoyin nan dab da fata suke, don haka ba a danna nama, ba a kuma shafa mai. Tafin hannu ake ɗorawa, a ɗan ja fatar zuwa inda ake so ruwan ya nufa, a saki, sau 10 zuwa 15 a kowane wuri, a hankali. In fata ta yi ja ko an ji zafi, an danna da yawa, an matse hanyar da ake son buɗewa. Ba kuma daga inda ya kumbura ake farawa ba. Mai yashe kwata daga mafitar ruwa yake somawa. Ana fara da dogon numfashi sau 5, sai gindin wuya, sai hammatar da ke lafiya. Wadda aka yi wa tiyatar mama a dama, ana kora ruwan ta ƙirji zuwa hammatar hagu, da kuma ƙasa zuwa matsematsin dama, sannan damtse, sannan sangalin hannu, yatsu a ƙarshe. Minti 15 zuwa 20 a kullum ya isa, bayan likitan fisiyo, wato mai kula da motsa gaɓoɓi, ya koyar.

Tausa ita kaɗai ba ta riƙe sauƙi. In ba a naɗa bandeji mai matsewa ko an sa safar asibiti ba, kumburin yakan dawo. Naɗin daga yatsu yake farawa ya hau sama, ya fi matsewa a ƙasa. Yatsu suka yi sanyi ko suka mutu, a kwance naɗin nan take.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yin tsaga ko ƙaho a kan gaɓar da ta kumbura, ko gasa ta da ruwan zafi. Kowane yanka ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta, kowace harbuwa kuma tana ƙara lalata hanyoyin da suka rage. Fata ta yi ja da zafi ga zazzaɓi, a bar tausa a nufi asibiti. Haka mai gudan jini a jijiyar ƙafa, da mai kumburin ciwon zuciya ko ƙoda, kada a yi musu tausa.

A 2017 aka sanar da katse yaɗuwar cutar tundurmi a Filato da Nasarawa, amma maganin da ake rabawa ba ya sauke ƙafar da ta riga ta kumbura. Mai ita ya wanke ta da sabulu kullum, ya busar da tsakanin yatsu, ya ɗaga ta in zai kwanta, kada ya yi tafiya ba takalmi.

Roƙona ga asibitocinmu shi ne, duk matar da aka yi wa tiyatar mama a tura ta sashen fisiyo kafin sallama, a koya mata auna hannuwanta biyu da tef ɗin tela a wuri ɗaya. In bambancin ya kai santimita 2, ta koma a duba ta.

Naka,
Wani ma'aikacin lafiya, Zariya