Darasin Asabar kan kalmomin zaɓe a Turanci

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka.

Ranar Asabar da ƙarfe 8 na dare akwai darasi a nan, saboda ana yawan cakuɗa "vote" da "elect". "Vote" jefa ƙuri'a ne kawai, "elect" kuwa sai ɗan takara ya ci zaɓe. Kalmar da ke bin "vote" ita ke juya ma'ana: "for" goyon baya, "against" adawa, "on" kuma kaɗa ƙuri'a kan wani batu. Nan aka fi tuntuɓe. "Ballot" takardar ƙuri'a ce.

Don Allah kowa ya turo jimla 3 kafin Juma'a da yamma, a rubuce, ban da saƙon murya, domin mu samu gyarawa.

Allah ya kai mu lafiya. Na gode.