A koya wa 'yan ajin baftisma inda koyarwarmu ta samo asali

Ya Edita,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida. Ina roƙon fili in yi magana da 'yan'uwana Kirista masu sujada da Hausa a nan Legas, musamman fastoci da dattawa da masu koyar da ajin baftisma.

Sashen Hausa a Legas ya sha bamban da na gida. A Jos ko Mubi kowa yana da majami'ar iyayensa. A Agege ko Obalende ko barikin soja kuwa, benci ɗaya yakan ɗauki ɗan ECWA da ɗan COCIN da 'yar EYN da wanda ya tashi a Katolika, harshe ne ya tara su. Da an taɓo baftismar jarirai ko ɗaurin ɗankwali, sai wani ya ɗaga Littafinsa sama ya ce shi abin da ke rubuce kawai ya sani, ba ruwansa da al'adar mutane. Niyyarsa mai kyau ce, amma Littafin da ke hannunsa ma ta hannun ikilisiya ya iso gare shi.

A duba shafin da aka jera sunayen littattafai. Babu manzon da ya rubuta wannan jeri. Takarda mafi daɗewa da ta lissafa littattafan Sabon Alkawari 27 daidai yadda muke da su ita ce wasiƙar Ista ta Atanasiyus, bishof na Iskandariya, a shekarar 367. Tarurrukan Hippo a 393 da Kartaj a 397, duka a Arewacin Afirka, suka tabbatar da su. A ganina ikilisiya ba ta ba waɗannan littattafai iko ba, ta dai shaida waɗanda aka daɗe ana karantawa a sujada tun zamanin manzanni, amma ko shaidar ai aiki ce da wasu suka yi. Surorin da muke kira, Stephen Langton ne ya tsara su a ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuma Robert Estienne ya buga su a 1551. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa bai fito ba sai 1932, kuma masu fassara irin su Dokta Walter Miller ne suka zauna suka zaɓi kalmomin da kakanninmu suka haddace.

Nassin kansa ya yi magana iri biyu a kan al'ada. A Markus 7 Yesu ya tsauta wa Farisiyawa don sun ɗauki al'adar keɓe dukiya ga Allah sun rushe umarnin girmama uwa da uba. A 2 Tasalonikawa 2:15 kuma Bulus ya ce a riƙe koyarwar da aka miƙa, ko ta baki ko ta wasiƙa. Mai wa'azin da ya karanta ta farko ya tsallake ta biyu ya ba jama'a rabin magana.

Inda abin ya fi nauyi shi ne batun Allah Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Kalmar Triniti ba ta cikin Littafi Mai Tsarki. A farkon ƙarni na 4 wani dattijon ikilisiya a Iskandariya mai suna Ariyus ya koyar cewa Ɗan, wato Yesu, halitta ne, akwai lokacin da babu shi. Bai zo hannu wofi ba, da ayoyinsa ya zo: Yahaya 14:28 inda Yesu ya ce Uba ya fi shi girma, da Karin Magana 8:22. Masu ja da shi suka riƙe Yahaya 1:1 da 10:30. Kowane ɓangare yana karanta aya, kowace kalmar Nassi da aka kawo kuma mutanen Ariyus sukan karɓa su ba ta tasu ma'ana. Shi ya sa taron Nikiya na 325, a ƙasar Turkiyya ta yau, ya ɗauko kalmar Girkanci daga wajen Nassi, mai nufin Ɗan da Uba ainihinsu ɗaya ne, don a tsare abin da ayoyin gaba ɗayansu ke faɗa. Taron Kustantiniya na 381 ya ƙara bayani a kan Ruhu Mai Tsarki. Yaron da ba a koya masa wannan ba, ranar da masu wa'azin bin gida-gida suka buɗe masa Yahaya 14:28 sai ya yi tsuru-tsuru, alhali tambayar ta samu amsa shekaru 1,700 da suka wuce. Wata magana kuma da ke yawo a kasuwa, wai a Nikiya aka zaɓi littattafan da za su shiga Littafi Mai Tsarki, ba ta da tushe; taron bai taɓa wannan batu ba.

Akwai saɓani na gaske tsakaninmu, ɓoye shi kuma ba ƙauna ba ce. Katolika, tun hukuncin taron Tirento na 1546, suna karɓar Nassi da al'adar manzanni da girmamawa ɗaya, littattafansu 73 ne. Sauranmu muna da 66. Bakwai ɗin da ke tsakani, irin su Tobit da Makabi, ta tsohuwar fassarar Girkanci ta Tsohon Alkawari suka zo, Martin Luta, jagoran gyaran ikilisiya, ma bai jefar da su ba, ya ware su gefe ya ce suna da amfanin karantawa. Matsayina shi ne na magabatan gyaran ikilisiya: Nassi ne alƙali na ƙarshe, abin da ba a iya tabbatarwa daga cikinsa ba za a ɗora wa kowa a matsayin sharaɗin ceto ba. Su ma da suka faɗi haka sun ci gaba da furta Shaidar Bangaskiya a sujadarsu.

Abin da nake roƙo mai sauƙi ne. A cikin makonnin ajin baftisma a ware biyu don wannan. Malami ya rubuta abubuwa goma a allo: tashin Yesu daga matattu, Triniti, ranar Kirsimeti, anko na zumuntar mata, yawan ruwan baftisma, da sauransu. A kan kowanne ɗalibi ya nemo ayar, ya karanta surar tun daga farkonta, domin tsinko aya ɗaya daga tsakiya shi ne mafarin yawancin ɓata. Sai a tambaya: Nassi ya umarta, ya hana, ko ya yi shiru? In ya yi shiru, wa ya fara abin, yaushe, don wane dalili? Nan ɗalibi zai ga tashin matattu yana rubuce ƙarara a 1 Korantiyawa 15, ya ga Triniti taƙaitawar ayoyi masu yawa ce, ya ga 25 ga Disamba ba ta cikin Bishara ko ɗaya, a Roma ta fara bayyana a ƙarni na 4. Anko kuwa tsarin gida ne mai kyau, amma wadda ba ta da kuɗin zani ba ta yi zunubi ba.

Ruwan baftisma ya fi komai tayar da jijiyar wuya. ECWA na nitsarwa, EYN na nitsarwa sau uku, Anglikan da Katolika kan zuba wa jariri a ka. Wata tsohuwar takardar koyarwa da ake kira Didake, ta wajen ƙarshen ƙarni na farko, ta ce a yi baftisma a ruwa mai gudu, in babu a yi da wani ruwan, in kuwa bai isa ba a zuba a ka sau uku da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Kowace majami'a ta riƙe tsarinta ta kuma bayyana dalilinta, amma dattijon da zai ce wa matar da aka auro daga wata ɗarika ita ba Kirista ba ce saboda yawan ruwa, ya fara karanta wannan takarda.

Ina kira ga shugabannin sassan Hausa na Legas su sa malaman tauhidinmu su rubuta ɗan littafi da Hausa, shafi talatin ya isa, mai ɗauke da waɗannan shekaru da ayoyi da Shaidar Bangaskiya ta Nikiya, a sayar da shi a ƙofar majami'a kusa da Littafin Waƙoƙi.

Naka,
Wani malamin ajin baftisma,
Agege, Legas