Gorar da ke walƙiya ba ta san azumi ba

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya zafi?

Na saurari shirinku na lafiya inda kuka taɓo zancen ƙananan kamfanonin fasaha da ke ƙoƙarin sa mutane su riƙa shan ruwa isasshe, shi ne na ce bari ni ma in tofa albarkacin bakina, don mu nan Tawa in ana zancen ƙishirwa ai gida aka zo.

Ga wanda bai ji ba, akwai wani kamfani a Amurka da wasu matasa daga jami'ar Minnesota suka kafa, a 2015 suka nemi tallafin jama'a ta intanet suka fito da gorar ruwa mai suna HidrateSpark. Gorar tana auna abin da ka sha ta aika ma wayarka ta Bluetooth, in ka daɗe ba ka kurɓa ba sai ta fara walƙiya tana tuna maka. Manhajar kuma tana tambayar nauyinka da shekarunka da irin zirga-zirgar da kake yi sannan ta yanka maka adadin da za ka sha a wuni, har ka iya gasa da abokai. Akwai wata manhajar ma mai suna Plant Nanny, ita shuka ake ba ka a cikin waya, ka sha ruwa ta yi girma, ka yi sakaci ta yi yaushi.

Na san da yawa dariya suka yi, wai sai kwalba ta gaya ma mutum yana jin ƙishirwa. Ni kam ban yi dariya ba. Mutum in aiki ya sha kansa yana iya wuni da kofi biyu bai lura ba sai kai ya fara sarawa, tsofaffi kuma jin ƙishirwarsu raguwa yake da shekaru, tsohuwa na zaune a ɗaki mai rufin kwano jiki na bushewa ita ba ta ce a ba ta ruwa ba. Kuma ƙarancin shan ruwa na cikin manyan abubuwan da ke jawo tsakuwar ƙoda, wannan duk likita zai gaya maka. To tunatarwar tana da amfani wallahi.

Inda gizo ke saƙar shi ne wa aka yi ma abin. Gorar nan kuɗinta ya haura jikka 30 tun kafin a yi maganar kawo ta, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jikka 42, sannan sai kana da babbar waya da caji da forfe. Wanda ke da waɗannan duka galibi yana biro ne ƙarƙashin kilim da firigo a gefensa, shi ne ma bai fi kowa bukata ba. Wanda rana ke ci shi ne ɗan kabu-kabu da ɗan garuwa da magini da masu aikin albasa wajen Galmi, daga Maris zuwa Mayu lokacin da zafi ke wuce 40 kusan kullum, su kuma ƙaramar waya mai maɓalli ce a aljihunsu kuma da yawa ba karatun boko.

Sai batun azumi, wanda shi ne ya fi tsaya mini a rai. A 2024 azumi ya faɗo cikin tsakiyar zafi, farkon Afrilu garin Kayes na Mali ya kai 48.5, asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ba da labarin mutuwar mutum sama da 100 cikin kwana huɗun farko na Afrilun, akasarinsu tsofaffi. To gorar da za ta yi ta walƙiya ƙarfe biyu na rana a gaban mai azumi me ta yi masa? Abin da mai azumi ke bukata a tuna masa shi ne ya rarraba ruwansa daga buɗa baki zuwa sahur, kofi bayan magariba, kofi bayan tarawi, kafin kwanciya, da asuba, ba ya ɗura jug guda na ƙanƙara da zoɓo mai suga lokaci ɗaya cikin ya cika tim ya kasa cin abinci ba. Kuma a gaya ma tsoho mara lafiya cewa addini ya yi masa sauƙi, wannan kam bakin malamai ya fi na waya.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba saboda kunya. Mata da yawa masu sana'a a kasuwa da 'yan mata a lakkwal da gangan suke ƙin shan ruwa, don ba makewayi mai tsabta kusa, in ta sha ina za ta zagaya? Haka mai tahiyar Tawa zuwa Yamai a bas, tun dare yake rage ruwa. Wannan ba mantuwa ba ce, ko sau ɗari wayar ta yi ƙara ba za ta sha ba.

Sannan lissafin lita ba ya gaya maka ruwan mai kyau ne ko a'a. Piya wata ta dala biyar da ta wuni a rana, ko ruwan bido da aka yi wata ba a wanke ba, ka cika adadin manhaja ka kwana da zawo, ruwan da ka sha ya fita har da riba. Dole saƙon ya haɗa da tafasawa ko sa ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs da rufe randa. Kuma a yi hattara da cewa kowa ya sha da yawa, jaririn da bai kai wata 6 ba nono kaɗai ya ishe shi ko da zafi, kakanni na ganin wannan mugunta ne amma ruwan ne ke kawo masa cuta, masu ciwon zuciya ko ƙoda kuma akwai waɗanda likita ke ƙayyade musu ruwa.

Shi ya sa nake ganin matasanmu masu harkar kwamfuta, irin waɗanda ke zuwa CIPMEN, cibiyar renon ƙananan kamfanoni a Yamai, kar su ɓata lokaci wajen kwaikwayon kwalbar. Su ɗauki dabarar su bar gorar. Kira na murya da Hausa da Zabarmanci da Fillanci da Tamashek da zai shigo ƙaramar waya a ranakun da hasashen yanayi ya nuna zafi zai yi tsanani, wanda ya san kalandar azumi, ya koya ma mutum duba fitsarinsa, in ya yi ja kamar shayin farko ruwa ya yi ƙaranci, in ya yi haske to madalla, ya kuma tuna ma uwa yadda ake haɗa ruwan gishiri da suga, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kamfanonin waya kamar Airtel da Moov da Zamani ai kullum suna turo mana tallar bonus, hanyar tana nan.

Roƙona gare ku Malam Edita, kafin zafi ya kama ku gayyato likitan ƙoda da malami da ɗaya daga cikin matasan nan ku zaunar da su a shiri ɗaya, ku buɗe layi mata su kira, kuma don Allah ku sa shi bayan isha'i lokacin da masu aikin rana suka dawo gida.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronku daga Tawa