Kafin a ce mu kwaikwayi Sin, a tambayi wanda ba shi da wa ba shi da ƙane

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da farantan sola da batura a kasuwar Alaba, shekarata 22 ina zaune a Agege. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wata magana da ta zama yayi a bakin wasu 'yan bokonmu, wai Najeriya ba za ta gyaru ba sai gwamnati ta ƙayyade wa kowa yawan 'ya'yan da zai haifa, kamar yadda ƙasar Sin ta yi. Galibin masu faɗin haka gadoji da jiragen ƙasan Sinawa suka gani a waya. Ni kuwa na je birnin Guangzhou na ƙasar Sin sau biyar, na ci abinci da mutanen, na bi su bashi sun bi ni.

Akwai wani Basine da nake karɓar kaya a hannunsa nan Legas, bai kai shekara 40 ba. Ranar sunan ɗana na bakwai na gayyace shi. Ya zo da jar ambulan da kuɗi a ciki, kamar yadda suke yi a al'adarsu, aka ba shi wuri a tabarma yana ta kokawa da waina da miyar taushe. Can ya raɗa mini da guntun Turancinsa, wai duk mutanen nan yaran shagona ne? Na yi dariya har na ƙware. Na shiga nuna masa: wannan baffan jaririn ne, wancan mai rawani kawunsa ne, daga Funtuwa ya taso a motar dare, muryar da kake ji tana faɗa a cikin gida kuwa ta gwaggonsa ce. Sai ya ajiye cokali. Ya ce su ma suna da waɗannan sunaye, har sun fi mu rarrabewa, domin wan uba da ƙanen uba ma kowa da yadda ake kiransa. Amma 'yarsa ba ta da mutum ɗaya da za ta kira da ko guda daga ciki. Shi kaɗai iyayensa suka haifa, matarsa ma ita kaɗai ce.

Ba zaɓin iyayen ba ne. Tun 1980, a zamanin jagoran ƙasar Deng Xiaoping, aka tsaurara dokar ɗa ɗaya, ta yi shekara 35 tana aiki. An ɗan sassauta wa mutanen karkara a wurare da yawa, idan na fari mace ce a bar su su ƙara ɗaya, haka ma ƙananan ƙabilu. Ma'aikacin birni kuwa, kamar mahaifin abokina, in ya kuskura ya yi na biyu, aikinsa na iya tafiya, ga tara mai karya ƙugu. Har manya ba su tsira ba: a 2014 an ci shahararren mai shirya fim Zhang Yimou tarar kuɗin Sin yuan miliyan 7.48 saboda 'ya'yansa uku. Shi ya biya. Talakan da bai iya biya ba sai a hana ɗansa rajistar gida da suke kira hukou, wadda in babu ita shiga makarantar gwamnati da asibiti sai wahala. Ƙidayar 2010 ta samu mutum miliyan 13 ba su da wannan rajista. Ban da matan da aka tilasta wa zubar da ciki ko aka juya musu mahaifa, abin da ko faɗarsa ba na so.

Ban gane nauyin abin ba sai bara waccan. Kwantenarmu ta iso tashar jirgin ruwa, takardun duk suna hannunsa, sai aka yi masa waya cewa mahaifinsa ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Washegari ya hau jirgi. Sati biyar babu shi, kuɗin ajiya yana ta hawa kullum, ni kuma kuɗin mutane na sa a kayan. Raina ya ɓaci, na aika masa saƙon murya ina cewa, don Allah a duk danginku babu wanda zai zauna da tsohon sai kai? Bai ce mini komai ba. Hoto ya turo: shi a kan kujerar roba a gefen gadon asibiti, jakarsa a ƙasa, mahaifiyarsa tana gyangyaɗi a jikin bango. Wallahi kunya ta kama ni. Lokacin da Innarmu ta kwanta jinya a Funtuwa, mu tara ne. Yaya ya ɗauki kuɗin magani, mata suna kwana bi da bi, ni da nake nesa sau biyu kawai na je, kuma shagona bai rufe ko yini ɗaya ba. Ɗan'uwa rabin jiki, in ji mutanenmu, ashe ba don daɗin baki suka faɗa ba.

Sinawa suna da suna ga irin gidansa: huɗu, biyu, ɗaya. Kakanni huɗu, iyaye biyu, jika ɗaya tilo. Tana ƙarama kowa ita yake kallo, kowa ita yake shagwaɓawa, ran da ta girma kuma duk ita za su zuba wa ido. Akwai ma wata kalmar, shidu, wato iyayen da ɗansu tilo ya rasu bayan ƙarfin haihuwa ya wuce. Girgizar ƙasa ta lardin Sichuan ta ranar 12 ga Mayu, 2008 ta rusa makarantu da yara a ciki, ta bar gidaje masu yawa a haka. Su wa za su kira in sun faɗi?

Sai batun 'ya'ya mata, wanda ya kamata ya ba mu tsoro, tunda mu ma muna da masu tsuke fuska in an ce mace aka haifa. Da aka ce ɗaya za ka samu, sai wasu suka koma leƙa ciki da na'ura, in mace ce a cire. Ƙidayar 2020 ta nuna maza sun fi mata da kusan miliyan 35. Samarin ƙauye marasa hali su suka kwana a ciki, aure ya gagare su.

Yanzu kuma gwamnatin ce take roƙo. Ta buɗe zuwa biyu a 2016, zuwa uku a 2021, jama'a suka yi kunnen uwar shegu. Jariran da aka haifa a 2016 sun kusa miliyan 18, a 2023 suka dawo miliyan 9 da 'yan kai. A 2022 yawan mutanen ƙasar ya ragu, karo na farko tun 1961. A 2025 har tallafin yuan 3,600 a shekara aka sanya wa kowane yaro ɗan ƙasa da shekara uku. Na tsokani abokina na ce ga kuɗi, a yi wa yarinyar ƙane mana. Ya ce tsofaffi huɗu a wuyansa, ga bashin gida, ga kuɗin karatu, wa zai yi rainon?

Kada a ce ina goyon bayan haihuwar ko-in-kula. Ina wucewa ta ƙarƙashin gadojin garin nan, ina ganin yaranmu da aka turo daga Arewa babu mai tambayar inda suka kwana, kuma laifin ubanninsu ne. Amma ko a Sin, haihuwar mace ɗaya ta riga ta sauko daga kusan shida zuwa ƙasa da uku tsakanin 1970 da 1979, da kamfen ɗin jinkirta aure da ba da tazara, tun dokar ɗa ɗaya ba ta zo ba. Mu ma a 1988 gwamnatin Babangida ta ba da shawarar 'ya'ya huɗu ga kowace mace, aka yi surutu aka watse, asibitin ƙauye da makarantar 'yan mata kuwa suna nan yadda suke.

Roƙona, Malam Edita, ka tura wakilinka na Legas ya zaga Ojota ko Lekki inda Sinawa suke da yawa, ya tambayi 'yan ƙasa da shekara 45 su nawa ne a ɗakinsu. Abokina dai ya ce ƙarshen shekarar nan zai tattara ya koma gida, tsohon har yanzu ba ya iya kai cokali baki da kansa.

Naka,
Mai karanta jaridarku daga Agege, Legas