Littafin aro ya lalace a hannuna, maigidana ya ce ai takarda ce

Assalamu alaikum Anti, ya aiki, ya jama'ar shiri? Don Allah a sakaya sunana, domin dangin maigidana ba sa barin shirin nan ya wuce su, surukata kuwa da rediyo take kwana.

Anti, raina a ɓace nake rubuto miki, kuma a kan littafi ne. Na san wasu za su ce ana fama da tsadar masara wannan tana kukan takarda. To abin da maigidana ya faɗa ke nan, kuma maganarsa ta fi komai ƙona min rai.

Ni malamar firamare ce a Kaduna. Mahaifiyata tana wajen yayana a Kubwa tun da ciwon ƙafa ya matsa mata, nakan je duba ta in an yi hutu. Jirgin ƙasa nake hawa daga Rigasa, tun da aka buɗe layin a 2016 na rage shiga mota. A mota ba na iya karatu, layi biyu sai jiri, ga ramuka ga direba yana taka wuta. Amma a tarago, in na samu kujerar taga na buɗe littafi, wallahi babu mai kirana Mama, babu tukunya a wuta, waya ma sabis ɗinta ɗaukewa yake a daji. Sai in karanta shafi in ɗaga kai in ga duwatsu da rugar Fulani suna wucewa, in koma. Awa biyun nan da 'yan kai su ne nawa a duniya. Bayan harin da aka kai wa jirgin a watan Maris na 2022, da aka dawo da zirga-zirga a Disamba, karatun ne yake riƙe min zuciya in mun doshi Rijana. In ba littafi a hannuna sai in yi ta leƙen daji ina salati.

Littafin ba nawa ba ne, nan matsalar take. Akwai laburare kusa da makarantarmu, wani dattijo ne yake kula da ita, Baba muke ce masa. Shi kaɗai yake fama da ƙura da gara da yoyon rufi, da kuɗinsa yake sayen gam yana liƙe bangon da ya ɓalle. Littafin na tarihin garuruwan ƙasar Hausa ne, tsohon bugun Zariya, ya girme ni, takardarsa har ta yi ja. Yana cikin waɗanda aka buga wa hatimin ba a fita da su. Baba ya ba ni ne don ya san ni, ya san ban taɓa mayar masa da littafi da ko lanƙwasar kusurwa ba. Bai ma rubuta a katin aro ba, a ɗan littafinsa na aljihu ya sa sunana. Kuma dai Anti, dama can ɗinkinsa ya saki, wasu sun riga sun yi masa zane da biro tun kafin ya zo hannuna. A leda na naɗe shi na sa a jaka.

Ita kuwa ƙanwar maigidana ba ni na gayyace ta ba. Biki za ta a Abuja, yayanta ya ce mu tafi tare, kuɗin tikitinta ma daga jakata ya fita, har yau ban ji an gode ba. Da ɗanta ta taho, yaron da ba a taɓa ce masa bari ba. Mun wuce Jere na tashi na zaga bayi, na rufe jakar da zif, na tabbata na rufe. Ina dawowa na tarar da littafin a cinyar yaron, wai kuka yake ta ba shi ya kalli taswira. Ya tuntsurar da gorar zoɓo a kai. Wannan ma da na haƙura, yaro ne. Amma Anti, da idona na gan ta tana yage shafukan da suka jiƙe tana goge kujera da su. Da na yi magana sai ta ce, "Haba Anti, wannan tsohon abin ko mai ƙosai ai ba za ta karɓa ba." Tana faɗa tana dariya, har da duban mutanen da ke gefe ko za su taya ta.

Na manta ban gaya miki ba, a gidanmu take zaune tun da aurenta ya mutu. Aka ce wata ɗaya, ga shi an sha azumi an yi Sallah tana nan. Ita ce ta taɓa yage bayan littafin shirin darasina ta rubuta lambar waya, ita ce ta ɗauki atamfata ta kai ɗinki ba ta tambaya ba. Duk na haɗiye. Ba ta son ganina da littafi, cewa take ina nuna musu boko.

An ce na ɗaga murya a jirgi. Eh na ɗaga, wa zai ga haka ya yi shiru? Amma ban taɓa yaron ba. Kafin in dawo Kaduna labari ya riga ni, an gaya wa Hajiya surukata na zagi jikanta a bainar jama'a a kan tsumman takarda. Da na je gaishe ta, da ƙyar ta amsa.

Na yi yawon neman wani. Masu sayar da littattafai a nan sun ce ba su taɓa ganinsa ba. Na aika Kano aka duba Sabon Gari da Kurmi, babu, aka ce an daɗe da daina buga shi. Mai ɗaurin littafi ya ce zai iya ɗinke abin da ya rage, amma jan zoɓo ba ya fita, shafukan da aka zubar kuma sai dai haƙuri. Wata abokiyar aikina ta ce in gwada Gidan Arewa ko laburaren Kashim Ibrahim da ke jami'ar Ahmadu Bello, in suna da shi a yi min fotokwafin shafukan a liƙa. Wata kuma ta ce in ce an sace min jaka a tasha, ko in lallaɓa in mayar da shi kan kanta in yi shiru. Ƙarya ba zan iya ba. Baba ya kusa ritaya, in aka zo ƙidayar littattafai shi za a tuhuma, don shi ya karya doka saboda ni.

Maigidana da na nuna masa, ko karɓa bai yi ba. Ya ce, "Nawa ne? Faɗi in biya a wuce wurin, takarda ce fa." Na ce ba kuɗi ba ne, amana ce. Ya ce in ina son zaman lafiya in je in ba Hajiya haƙuri. Ni ce zan ba da haƙuri, Anti? Ita ƙanwar tasa ko tambayarta bai yi ba. Da ƙanena ne ya yi wa kayansa haka, da unguwa ta ji.

To me zan ce wa Baba? Ranar Litinin na yi alkawarin mayarwa, yanzu ta bayan layi nake zagayawa don kada mu haɗu. Ni abin da nake so, ta bi ni ƙafa da ƙafa ta faɗa masa da bakinta abin da ta yi. Na gaya wa maigidana haka ya ce in na sake tayar da maganar ransa zai ɓaci. Shin in na ce ko dai ta je, ko kuma a nema mata wani wurin zama, na wuce gona da iri? Yayana ya ce in taho Kubwa in huta kwana biyu har su san darajata, amma ina tsoron a kira shi yaji, ga makaranta an kusa komawa.

Don Allah a karanta wasiƙata a shirin wannan makon kafin Litinin.

Taki,
Mai sauraro daga Kaduna