Zuwa ga ƙawata Bilki

Assalamu alaikum Hajiya Bilki,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya maigida, ya su Ummi da autanki sarkin rigima? Na san kin ƙullace ni kan shirun nan. Ki yi haƙuri, yau ga ni da albishir, ga ni kuma da roƙo.

Kin tuna ƙungiyar matan da na shiga ina jami'a, Alpha Kappa Alpha, wadda kika ce kayanmu na ruwan hoda da kore sak ankon bikin Zainabu? To har yau ina ciki. A nan Amurka gama karatu ba ya raba mace da irin wannan ƙungiya. Akwai reshen ɗalibai a jami'a, akwai na waɗanda suka kammala a cikin gari, can ake komawa a ci gaba da biyan kuɗin shekara da zuwa taron wata-wata. Asabar ɗin da ta wuce aka damƙa mini kwamitin tallafin karatu na reshenmu. Wallahi da aka kira sunana jikina har ɓari yake. Mu za mu duba takardun 'yan matan sakandare masu son shiga jami'a, mu zaɓi waɗanda za a taimaka wa. Akwai wata dattijuwa a cikinmu, tsohuwar malamar makaranta, da sanda take tafiya, kullum da sarƙar lu'ulu'u a wuya, ta haura shekara 50 a ƙungiyar. Ta riƙe hannuna ta ce kada in bari yarinya ta rasa don ba ta iya tsara rubutu ba, in kira ta a waya in ji ta bakinta. Maganar nan ta zauna mini a rai.

Sai ga Yaya Sani ya ga hotunan a Facebook, ya je ya gaya wa Umma wai na shiga ƙungiyar asiri. Ban ga laifinsa sosai ba, don a gida da an ce ƙungiyar ɗalibai mai alama da rantsuwa, hankalin kowa sai ya tafi kan masu zubar da jini a jami'o'inmu. Amma Umma ta kira ni tana kuka, tun ranar ban yi barcin kirki ba.

Don Allah ki daure ki je ki zauna da ita, kin san maganarki tana shiga kunnenta fiye da tawa. Ki ce mata ɗalibai mata baƙar fata ne suka kafa ta a 1908 a Jami'ar Howard da ke Washington, lokacin da ƙofofi da yawa ke rufe gare su saboda launin fata. Ki ba ta labarin Dakta Dorothy Ferebee, wadda a 1935 ta fara jagorantar matan ƙungiyar zuwa jihar Mississippi suna yi wa 'ya'yan masu noman auduga rigakafi. Da masu gonakin suka hana ma'aikatansu zuwa wurin magani, sai matan suka loda kayan aiki a motoci suka bi su har gona. Kamala Harris ma 'yar ƙungiyar ce, Umma ta san ta a rediyo. Gaskiya akwai zaman da sai 'yar ƙungiya ke shiga, ba zan ɓoye ba, amma ban taɓa ganin abin da ya taɓa addinina ba. Da hijabina nake zuwa, azahar na yi nake tashi, har dattijuwar nan kan nuna mini agogo.

Af, dambun naman da kika aiko ta hannun Anti Rabi ya iso, amma rabin leda! Ko dai ke kika fara buɗa shi a hanya? Na san halinki tun muna aji uku, ba ki ganin dambu ki kau da kai.

Wai da gaske ne Maryam ta haifi tagwaye? A bakin Halima na ji, ita kuwa kin san ta da ƙarin gishiri. In haka ne ki gaya mini ranar suna in aiko da nawa gudummawar. Ki gaishe mini da Baba, ya ƙafar tasa? In za ki je wajen Umma ki bari sai bayan la'asar, lokacin Yaya Sani yana kasuwa.

Taki har kullum,
Asma'u