A bambance ciwon ciki kafin a sha garin Ayurbeda

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu ɗan fili mu yi magana kan magungunan gargajiyar Indiya, wato Ayurbeda, da ake ta tallatawa ga masu fama da kumburin ciki, gyatsa da taurin bayan gida. Masu tallar suna nuna kamar gari ɗaya ne ke maganin komai, alhali su kansu likitocin Ayurbeda ba haka suke aiki ba. Abin da suke fara dubawa shi ne abin da suke kira agni, wutar da ke narka abinci: ta yi sanyi ne, ko ta yi yawa?

Idan wutar ta yi sanyi, mutum zai ji abinci ya tsaya masa, ciki ya cika da iska, ba ya marmarin ci. Nan ne citta ke aiki. Ana yanka ɗanyar citta siriri, kamar faɗin farce, a barbaɗa gishiri kaɗan, a ɗiga lemon tsami, a tauna idan ya rage kamar minti goma a ci abinci. Akwai kuma trikatu, garin busasshiyar citta da baƙin barkonon Indiya mai kama da masoro da wani dogon barkono da suke kira pippali, kowanne daidai da ɗan uwansa. Abin da bai kai rabin ƙaramin cokali ba ake sha, a zuma. Haɗin hingbastak, mai sinadari takwas ciki har da hiltit, wani ƙaro mai ƙarfin wari, a ɗan man shanu ake kwaɓa shi a ci da lomar farko. Ba bayan an ƙoshi ba.

To, ga inda ake yin ɓarna. Mai ƙwannafi ko gyambon ciki idan ya sha waɗannan, fetur ya zuba wa wuta: ƙirji zai ƙara zafi, tsami ya riƙa taso masa cikin dare. Irin wannan cikin abubuwa masu sanyi ake ba shi, kamar shammar da kusbara. Rabin ƙaramin cokali na kowanne, a tafasa a kofi biyu na ruwa minti biyar, a tace, a riƙa kurɓa da ɗumi bayan abinci. Saiwar yashtimadhu mai zaƙi da ake ba masu ƙwannafi kuwa tana ɗaga hawan jini idan aka daɗe ana sha, don haka mai hawan jini ya bar ta.

Na taurin bayan gida, triphala ce ta fi suna: 'ya'yan itace uku, amla, haritaki da bibhitaki. A fara da rabin ƙaramin cokali a ruwan ɗumi lokacin kwanciya. Idan ciki ya murɗa ko ya saki da yawa, a rage. Mai juna biyu kada ta sha. Ɓawon isabgol, wato ɓawon 'ya'yan wani tsiro da Turawa ke kira psyllium, shi kuma kumbura yake yi idan ya ji ruwa, saboda haka cokali guda sai da cikakken kofin ruwa, a shanye nan take kafin ya yi kauri. Wanda ya haɗiye shi da ruwa kaɗan zai iya shaƙewa, ko ya ƙara toshe hanjin da yake son buɗewa. A kuma raba shi da sauran magunguna da awa biyu.

Mafi araha a cikinsu duka shi ne takra: kindirmo kashi ɗaya, ruwa kashi uku ko huɗu, a burga sosai a kwashe man, a sa soyayyen kamun (cumin) da gishiri kaɗan, a sha bayan abincin rana. Tsalar da muka sani ce kusan. Hatta shawarar littafin Charaka, wani tsohon littafin Ayurbeda, ta raba ciki gida uku, a bar kashi ɗaya babu komai, ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san hadisin sulusi.

Abin da ya fi damun mu shi ne ƙwayoyin da ake haɗawa da ƙonannen ƙarfe, waɗanda ake kira basma. A 2004 wani bincike a birnin Boston na Amurka ya gwada magungunan Ayurbeda 70 daga shaguna, aka samu dalma ko zaiba ko arsenik a cikin 14. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba. Kwalbar da ba ta lissafa abin da ke cikinta ba, ko babu lambar NAFDAC, a bar wa mai ita.

Ciwon da ya haura mako biyu zuwa huɗu ana magani bai sauya ba, a je asibiti a yi gwajin ƙwayar H. pylori mai haddasa gyambon ciki, domin ita shayi ba ya kashe ta. Baƙin bayan gida kamar kwalta, aman jini, rama ba dalili, ko abinci ya riƙa maƙalewa a maƙogwaro, waɗannan ba a jira da su ko kwana ɗaya.

Naku,
Wasu masu harhaɗa magunguna, Kano